Sauya rauta bayan an ja faiba zuwa gida: abin da ya kamata a sani kafin a kashe kuɗi

Kamfanonin intanet suna ƙara jan zaren faiba zuwa gidajen jama'a a manyan biranen Najeriya, kuma duk gidan da aka ja wa sai ya fuskanci tambaya ɗaya: a ci gaba da tsohuwar rauta, ko a wadatu da wadda kamfani ya kawo, ko kuwa a sayi sabuwa? Kuskure a nan yana da tsada. Wani gidan zai riƙa biyan kuɗin megabit 300 duk wata, alhali abin da ke isa wayoyinsa bai kai 100 ba. Wani zai zuba kuɗi a kan na'urar da ba ya bukata. Wani kuma zai damƙa kyamarorin gidansa da hanyar shiga asusun bankinsa ga na'urar da kowa zai iya samun kalmar sirrinta a intanet.

Saurin da kamfani ke sayarwa yana tsayawa ne inda zaren ya tsaya a bangon ɗaki. Daga nan zuwa wayar hannu da kwamfuta, rauta ce ke da ta cewa. Don haka abubuwa uku ne suka cancanci bincike kafin a sayi komai: wace na'ura ce ke yin wane aiki, mallakar wa ce, kuma wa ke riƙe da mabuɗinta.

Yadda haske ke isowa gida

Faiba zaren gilashi ne wanda kaurinsa ya yi kusa da na gashin kai, kuma da haske yake ɗaukar saƙo maimakon lantarki. A shekarar 1966 Charles Kao da George Hockham suka nuna a Ingila cewa gilashi, idan an tsarkake shi sosai, zai iya kai haske nesa. Kamfanin Corning na Amurka ya ƙera irin wannan zaren a 1970, sannan Kao ya samu kyautar Nobel a 2009.

Intanet ɗin da ke shigowa Najeriya daga waje yana biyo manyan kebul na faiba da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, irin su MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010, da WACS a 2012, da Equiano na kamfanin Google da ya sauka a Legas a 2022. Daga gaɓar teku ake jan wasu zarurrukan ta ƙasa zuwa Abuja da Kaduna da Kano da sauran garuruwa.

Tsarin da aka fi amfani da shi wajen kai faiba gida shi ne GPON. Zare ɗaya ne ke fitowa daga cibiyar kamfani, sai a raba haskensa ga gidaje da yawa, galibi 32 ko 64, a tazarar da za ta kai kilomita 20. Zaren yana ɗaukar kimanin gigabit 2.5 a daƙiƙa wajen saukewa da gigabit 1.25 wajen ɗorawa, kuma gidajen da ke kansa tarayya suke yi a wannan adadin. Shi ya sa intanet kan yi nauyi da daddare idan kamfani ya cika gidaje a zare ɗaya. Akwai sabon tsari mai suna XGS-PON da ke ɗaukar gigabit 10 ta kowane ɓangare.

Na'ura biyu, aiki biyu

Ruɗani mafi yawa yana tasowa ne daga ɗaukar na'urori biyu a matsayin abu ɗaya. Ta farko ita ce ONT, ƙaramin akwatin da zaren faiba ke shiga. Aikinsa shi ne mayar da haske zuwa saƙon lantarki, da kuma gabatar da kansa ga cibiyar kamfani. Kamfani yana yi wa kowane ONT rajista da lambarsa, saboda haka wanda aka sayo a kasuwa ba zai kama layi ba sai kamfanin ya yarda da shi.

Ta biyu ita ce rauta. Ita ke karɓar intanet daga ONT ta raba wa na'urorin gida, ta ba kowace adireshinta na cikin gida, ta watsa Wi-Fi, ta kuma tare baƙin da ke neman kutsowa daga waje.

Kamfanoni da dama suna kawo akwati ɗaya da ya haɗa ayyukan biyu. Gane bambancin ba shi da wuya. Idan siririn zaren ya shiga akwatin da ke watsa Wi-Fi kai tsaye, to haɗaɗɗe ne, ba a cire shi, sai dai a ɗora wata rautar a bayansa. Idan kuwa zaren ya tsaya a wani akwati dabam, kebul ya fita daga can zuwa rauta, to rautar ita kaɗai ana iya sauya ta ba tare da an taɓa ONT ba.

Tsohuwar rauta: wadda za ta yi da wadda ba za ta yi ba

Yawancin gidajen da ke komawa faiba sun saba da MiFi ne ko rautar da ake sa wa layin waya. MiFi ba ta da ramin kebul, don haka ba ta da wani aiki da faiba. Rautar 4G ko 5G ta kan tebur tana iya yi idan tana da rami mai alamar WAN, ko ramin da aka rubuta wa WAN da LAN tare. Ko ba ta yi ba, ajiye ta hikima ce, domin ranar da aka yanke zare a hanya ita za ta rufa asiri.

Abu na farko da ake dubawa a jikin kowace rauta shi ne saurin ramukanta. Ƙananan rautoci masu araha da yawa ramukansu na megabit 100 ne, kuma a takardarsu za a ga an rubuta 10/100. Irin wannan rami ba ya wuce kimanin megabit 94 a aikace, komai girman tsarin da aka biya. Ramin gigabit, mai alamar 10/100/1000, yana kaiwa kusan megabit 940. Wanda ya sayi tsarin da ya haura gigabit ɗaya sai ya nemi rami mai gigabit 2.5, a jikin ONT da rauta duka.

Kebul ɗin da ke haɗa su ma yana da tasa rawar. Mai alamar Cat5e ko Cat6 yana ɗaukar gigabit har tsawon mita 100. Gigabit yana bukatar duk silaye takwas na cikin kebul, megabit 100 kuwa huɗu sun ishe shi. Idan sili ɗaya ya tsinke, ko an ɗaura kan kebul ba daidai ba, na'urorin kan koma megabit 100 shiru, ba tare da wata alamar gargaɗi ba. Sau da yawa sabon kebul yana warware abin da ake zargin rauta da shi.

Abu na biyu shi ne shekarunta. Rautar da masana'antarta ta daina fitar mata da sabuwar manhaja ta ƙare aiki, ko da fitilunta na ci gaba da kamawa, domin duk ɓarakar da aka gano a cikinta daga baya haka za ta zauna a buɗe.

Lambobin jikin kwali

Wi-Fi yana da tsararraki. Wi-Fi 4 ya fito a 2009, Wi-Fi 5 a 2013, Wi-Fi 6 a 2019, sai Wi-Fi 7 da aka fara tantance na'urorinsa a watan Janairun 2024. Yana kuma tafiya a zango daban-daban. Zangon gigahaz 2.4 yana tafiya nesa, yana ratsa bango, amma ba shi da sauri kuma cunkushe yake, tashoshi uku kacal ne a cikinsa ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11. Zangon gigahaz 5 ya fi sauri da sarari, sai dai bango yana karya ƙarfinsa da wuri.

Babbar lambar da ake bugawa a kwali jimilla ce ta zangunan, kuma babu wayar da ke samun ta. AC1200 na nufin megabit 300 a zango ɗaya da 867 a ɗayan. AX3000 na nufin 574 da 2,402. Waya zango ɗaya take kamawa a lokaci guda, kuma abin da take samu a aikace yakan tsaya tsakanin rabi da kashi biyu cikin uku na lambar zangon, idan tana kusa da rautar. Ita ma wayar tana da iyakarta. Wasu masu araha eriya ɗaya gare su, wasu zangon 2.4 kaɗai suke kamawa. Rautar Wi-Fi 7 ba za ta ƙara wa irin waɗannan komai ba.

Akwai kuma bambancin bit da bayit. Kamfanoni da megabit suke talla, manhajojin saukewa kuwa da megabayit suke nunawa, kuma bit takwas ne ke yin bayit ɗaya. Tsarin megabit 100 zai sauke megabayit 12.5 a daƙiƙa idan komai ya tafi daidai. Wanda ya ga 11 ko 12 a allonsa ba a cuce shi ba.

A taƙaice, gidan da tsarinsa bai wuce megabit 100 ba, rautar Wi-Fi 5 mai zango biyu da ramukan gigabit ta wadatar da shi. Daga megabit 300 zuwa gigabit ɗaya, ko inda na'urori suka yi yawa, Wi-Fi 6 ya fi dacewa, domin an gina shi ne don ya saurari na'urori da yawa a lokaci guda. Abin da ya wuce haka, ga mafi yawan gidaje, ado ne.

Tambayoyin da za a yi wa kamfani

Biyan kuɗin haɗa faiba kafin a ji amsar waɗannan tambayoyi cinikin biri a sama ne, kuma an fi son amsar a rubuce:

1. Akwatin da za a kawo ONT ne zalla, ko haɗe yake da rauta?
2. Kuɗin da aka biya na mallaka ne, ko aro ne da za a mayar idan an daina hulɗa?
3. An yarda mai gida ya haɗa rautarsa? Idan ya haɗa, kamfani zai ci gaba da zuwa gyara?
4. Za a ba shi kalmar sirrin shiga saitin akwatin?
5. Wace hanyar haɗi ake amfani da ita, DHCP ko PPPoE, kuma akwai lambar VLAN?
6. Nawa ne saurin ɗorawa, kuma akwai adadin datar da idan an kai ake rage sauri?
7. Idan zare ya yanke ko akwati ya ƙone, wa zai biya, kuma cikin kwana nawa ake gyarawa?

Tambaya ta shida ta fi shafar masu ɗora bidiyo, da masu watsa taro kai tsaye, da masu aiki ko karatu daga gida. Tallace-tallace sun fi ambaton saurin saukewa, alhali aikin waɗannan mutane a kan ɗorawa ya dogara.

Haɗa sabuwar rauta

Idan ONT dabam yake, ana jan kebul daga raminsa na LAN zuwa ramin WAN na sabuwar rauta. Inda kamfani ke amfani da DHCP, rautar za ta karɓi adireshi da kanta, wani lokacin sai an kashe ONT an sake kunnawa. Inda PPPoE ne, sai an shigar da suna da kalmar sirrin da kamfani ya bayar, waɗanda ba su da alaƙa da kalmar sirrin Wi-Fi. Inda ake bukatar lambar VLAN, dole rautar ta kasance mai wurin shigar da ita, kuma wannan abu ne da ake tabbatarwa kafin a saya.

Idan akwatin kamfani haɗaɗɗe ne, ɗora wata rautar a bayansa yana sa na'urori biyu su riƙa raba adireshi, ɗaya a cikin ɗaya. Karanta labarai da kallon bidiyo za su tafi lafiya, amma duba kyamarar gida daga waje, da wasu wasanni, da shiga kwamfutocin ofis suna iya cijewa. Mafita biyu ce. Ta farko, a roƙi kamfani ya mayar da akwatinsa gada kawai, abin da a shafin saiti ake rubutawa Bridge, ya bar wa sabuwar rauta dukkan aikin. Ta biyu, idan kamfani ya ƙi, a saita sabuwar ta zama mai watsa Wi-Fi kawai, a kashe Wi-Fi na akwatin kamfani. Hanya ta biyu tana gyara ƙarfin sigina, amma ragamar gida tana nan a akwatin kamfani.

Akwai matsalar da ke kama da wannan wadda ba daga gida take ba. Adireshin intanet na tsohon tsari, IPv4, kimanin biliyan 4.3 ne kawai kuma sun yi ƙaranci, don haka kamfanoni da yawa suna haɗa gidaje masu yawa a adireshi ɗaya. Sabuwar rauta ba ta warware wannan. Mai bukatar shiga na'urorin gidansa daga waje sai ya nemi kamfani ya ba shi adireshi na kansa ko ya buɗe masa IPv6.

Wata dabara da ke rage wahala ita ce ba wa sabuwar rauta sunan Wi-Fi da kalmar sirri irin na tsohuwar, sai wayoyi da talabijin su kama da kansu. Wannan ya dace ne kawai idan kalmar tana da ƙarfi kuma ba ta riga ta zagaye unguwa ba.

Inda za a ajiye ta

Masu haɗa faiba sukan so su tsaya a wuri mafi kusa da inda zaren ya shigo, domin ya fi musu sauƙi. Mai gida ne ya kamata ya zaɓi wurin tun kafin a fasa bango, saboda mayar da ONT wani ɗaki daga baya sai an kira ma'aikaci da na'urar haɗa zare. Rauta kuwa kebul kaɗai take bukata a kai ta tsakiyar gida.

Bulo da kankare mai rodi da ƙofofin ƙarfe duk suna cinye sigina, haka ma tankin ruwa da madubi. Wuri mafi kyau shi ne sama, a fili, a tsakiyar inda ake zama, ba bayan talabijin ko cikin kabad ba. Gidan bene, ko gidan gandu mai sassa da tsakar gida, rauta ɗaya ba ta isarsa komai tsadarta. Abin da ya fi inganci shi ne a ja kebul zuwa kowane sashe a sa mai watsa Wi-Fi a can. Inda jan kebul bai yiwu ba, akwai rautoci biyu ko uku da ake sayarwa tare, masu magana da juna ta iska, waɗanda 'yan kasuwa ke kira mesh. Ƙananan na'urorin ƙara zango da ake maƙalawa a soket kuwa sukan raba sauri biyu, domin da rediyo ɗaya suke ji suke maimaitawa.

Zaren da ke cikin ɗaki yana son lallaɓawa. Ba a lanƙwasa shi sosai, ba a danne shi da ƙofa, ba a zare kansa a bar shi cikin ƙura. Kai mai launin kore da mai launin shuɗi ba iri ɗaya ba ne, kuma haɗa su yana lalata su. Ba a leƙa bakin zaren da ido, domin hasken cikinsa ba a ganinsa amma yana iya yi wa ido lahani. Idan fitilar LOS a jikin ONT ta yi ja, haske ne ba ya isowa, kuma wannan aikin kamfani ne, ba laifin rauta ba.

Batun wuta

Tsakanin cibiyar kamfani da gida, zaren da marabansa ba sa bukatar lantarki. A cikin gida kuwa ONT da rauta duk suna bukata, kuma da an ɗauke wuta intanet ya tafi, saɓanin MiFi mai batir a jikinta. Wannan shi ne abin da ya fi ba sababbin masu faiba mamaki.

Na'urorin ba su da cin wuta. Yawancinsu da volt 12 suke aiki, kuma idan su biyun suna jan wat 20, riƙe su awa 6 yana bukatar batir mai wat-awa 120. Ƙaramin batir na musamman da ake sayarwa don rauta, ko inbata, ko sola, duk suna yi. Abin kiyayewa shi ne volt ɗin ya yi daidai da abin da aka rubuta a ƙasan na'urar, domin cajar da ta fi ƙarfinta tana ƙone ta. Batir yana kuma hana mutuwa da tashi duk lokacin da aka sauya daga wutar gari zuwa janareta. Gilashi ba ya ɗaukar tsawa, amma soket yana ɗauka, don haka na'urar kare hauhawar wuta tana da amfani, musamman da damina.

Tsaro: kalmar sirri biyu ce

Kowace rauta tana da kalmar sirri biyu, ta Wi-Fi da ta shiga saiti. Mutane sukan sauya ta farko su manta da ta biyu, alhali ita ce mabuɗin gidan. A shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa yawo a intanet tana gwada sunaye da kalmomin sirri kusan 60 da masana'antu suka saba sakawa. Da kyamarori da rautocin da ta kama aka kai wa kamfanin Dyn hari ranar 21 ga Oktoba, shafuka irin su Twitter da Netflix suka ƙi buɗewa a sassan Amurka. A watan Nuwamban shekarar, wani nau'inta ya durƙusar da rautoci kimanin 900,000 na abokan hulɗar Deutsche Telekom a Jamus, ta ƙofar da ake bari domin sarrafa na'ura daga nesa. Daga 29 ga Afrilun 2024, doka a Birtaniya ta hana sayar da na'urorin intanet masu kalmar sirri ta bai-ɗaya mai sauƙin ƙintata.

Matakan ranar farko kaɗan ne. A sauya kalmar shiga saiti. A zaɓi kariyar WPA3, ko WPA2 idan akwai tsofaffin na'urori, a guji WEP da aka daɗe da karyawa. A kashe WPS, wanda aka gano raunin lambarsa tun 2011. A kashe damar shiga saiti daga waje. A kunna sabunta manhaja. A buɗe Wi-Fi na baƙi domin maƙwabta da abokai, ta yadda ba za su isa ga kwamfuta da kyamarorin gida ba.

'Yan jarida da masu fafutika da ma'aikatan ƙungiyoyin farar hula suna da ƙarin dalili. Wanda ya mallaki saitin rauta yana iya sauya littafin adireshin da take tambaya, wato DNS, ya karkatar da mutum zuwa shafin bogi mai kama da na bankinsa. Yana kuma iya ganin na'urorin da ke gidan da shafukan da suke nema. Akwatin kamfani galibi yana da ƙofar da kamfanin ke shiga daga nesa don gyara da sabuntawa, ƙarƙashin wani tsari mai suna TR-069. Wannan yana da amfani, amma mai gida ya cancanci sanin cewa ƙofar tana nan. Mallakar rauta ta kai, tare da mayar da akwatin kamfani gada, tana raba na'urorin cikin gida da wannan ƙofar. Sai dai ba ta ɓoye wa kamfani inda ake ziyarta, tunda komai ta zarensa yake bi. Abin da ke ciki na saƙon da aka kulle, kamar na shafukan https, shi ne ba ya iya karantawa.

Mallakar wa ce?

A wasu ƙasashe wannan tambaya ta kai gaban majalisa. A Jamus, tun 1 ga Agustan 2016 doka ta ba kowa 'yancin zaɓar rautarsa, ta kuma wajabta wa kamfani ba shi bayanan haɗi. A Amurka, daga Disamban 2020 an hana kamfani cajin kuɗin haya a kan na'urar da mutum ya saya da kuɗinsa.

A Najeriya, takardar yarjejeniya ce abin da mai gida zai fara riƙewa, don haka a karanta ta, a ajiye ta tare da rasit. Dokar Sadarwa ta 2003 ta ɗora wa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, alhakin tantance nau'in kayan sadarwa kafin a sayar da su, kuma hukumar tana wallafa jerin waɗanda ta amince da su. Rautar da aka shigo da ita a matsayin ta hannu tana iya zuwa a kulle da sunan wani kamfanin waje, ko kuma masana'antarta ta daina kula da ita. Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta ba ɗan ƙasa damar tambayar kamfani irin bayanan da yake tarawa a kansa da abin da yake yi da su.

Ƙorafi yana ƙarfi ne da hujja. Gwajin da kamfani ba zai iya musantawa ba shi ne na kebul: a haɗa kwamfuta mai ramin gigabit kai tsaye, a dakatar da sauran na'urori, a gwada safe da dare na 'yan kwanaki, a ɗauki hoton sakamakon. Idan kebul ya ba da abin da aka biya amma Wi-Fi ya gaza, gyaran na cikin gida ne. Idan kebul ma ya gaza, sai a kai ƙara ga kamfani a karɓi lambar ƙorafi. Idan ba a warware ba, NCC tana da layin kyauta na 622, kuma akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC.

Abin da sabuwar rauta ba za ta gyara ba

Wasu matsalolin sun fi ƙarfin ɗaki. Ranar 14 ga Maris 2024 kebul huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet da ayyukan bankuna suka tangaɗe a Najeriya da maƙwabtanta. A cikin gida kuma aikin hanya da ɓarna suna yawan yanke zare, abin da ya sa Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu a 2024 kan umarnin da ya ayyana kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa. Haka nan lokacin da gwamnati ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, a wajen kamfanoni aka toshe shi, irin rautar da ke gida ba ta sauya komai ba.

Ko isowar zaren unguwa ma shawara ce ta masu mulki. Shirin faɗaɗa intanet na 2020 zuwa 2025, wanda aka ƙaddamar zamanin ministan sadarwa Isa Ali Pantami, ya yi burin kaiwa kashi 70 cikin 100, da saurin megabit 25 a birane da 10 a karkara. Alƙaluman NCC na 2025 sun tsaya a wajen rabi, kuma mafi yawa ta wayar hannu ne. Ɗaya daga cikin cikas ɗin shi ne kuɗin da jihohi ke karɓa kafin a haƙa ƙasa a binne zare. An amince da naira 145 a kowace mita, kuma a 2020 Ekiti ta sauko daga naira 4,500 zuwa wannan adadi, Kaduna ta yafe shi baki ɗaya, amma ba kowace jiha ce ta bi ba. A 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da shirin ƙara kilomita 90,000 na faiba a kan kimanin 35,000 da ake da su, ƙarƙashin ministan sadarwa Bosun Tijani. Nawa ne jiha ke caji a kowace mita, tambaya ce da ta dace a yi wa gwamna da 'yan majalisar jiha, domin inda kamfani ɗaya ne kawai ya iya jan zare, mai gida ba shi da inda zai koma idan an ƙi ba shi mabuɗin akwatinsa.

Kafin a rabu da tsohuwar rauta, a danne ɗan maɓallin bayanta har ta koma yadda ta fito daga masana'anta, domin tana riƙe da kalmomin sirrin gida. Idan ta kamfani ce, a mayar a karɓi shaida. Sabuwa kuwa ba a gaggawar sayenta. A fara zama da abin da kamfani ya kawo na mako ɗaya ko biyu, a gwada ta kebul, a zagaya ɗakuna a ga inda sigina ke mutuwa, a nemi kalmar shiga saiti. Sakamakon waɗannan ne zai nuna ko gidan rauta yake bukata, ko kebul na mita goma, ko kuwa kamfani ne ya kamata ya cika alkawarinsa.